Yadda Baba Silvanus Ya Nemo wa Maman Henry Zunubi

Baba Silvanus ya rasu a daminar bara. A wurin jana'izarsa masu jawabi sun ce mutum ne mai hikima da hangen nesa. Na san shi shekaru masu yawa, ban ga ko ɗaya daga cikin biyun nan ba. Mutum ne mai taurin kai, kunnensa ɗaya ne ke aiki, kuma idan ya kawo shawara a taro sai kowa ya dubi ƙasa. Abin kirki mafi girma da ya yi wa ikilisiyarmu da alade ya yi shi. Ba wanda ya ambaci aladen a bakin kabari, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

A Kagoma aka haife shi, a gidan manoman doya. Ya yi firamare har inda haƙurin malaminsa ya tsaya, sannan ya zo Kafanchan ya shiga aikin jirgin ƙasa. Aikinsa shi ne idan jirgi ya tsaya a tasha ya bi ƙafafunsa yana bugawa da guduma, yana saurara. Ƙafa mai lafiya da amonta, mai tsaga da nata. A wurin nan ya bar kunnensa na hagu. Da jirage suka daina zuwa yadda suka saba aka sallame shi, amma hannunsa bai ji labari ba. Komai ya gani sai ya ƙwanƙwasa: tukunya, kankana, bangon gidan mutane, kan jikokinsa. Bayan sallamar ya koma kiwon aladu a bayan gida. Babban cikinsu sunansa Manaja, domin a cewarsa ba ya aikin komai kuma shi ke fara ci.

Shekarar da aka zaɓe shi dattijon ikilisiya, majami'armu a rabe take. Wasu suna so a sa tayil, wasu suna so a sayi janareta. Duk wanda ya je gidansa neman goyon baya, sai ya juya masa mataccen kunnen yana gyaɗa kai. Kowane ɓangare ya tashi da tabbacin cewa nasu ne. Ya fi kowa ƙuri'a. Da sauran dattawa suka gane abin da suka jawo wa kansu, sai suka ba shi aikin da suke gani ba zai iya ɓatawa ba, wato kula da bencuna.

A majami'armu benci na ƙarshe, wanda ke bakin ƙofa, na masu horo ne. Idan mutum ya yi laifin da ya fito fili, fasto zai kira sunansa a sujada, ya faɗi laifin, a mayar da shi can. Mai horo ba ya cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake raba wa masu bi, ba ya waƙa cikin mawaƙa, ba ya shiga Zumuntar Mata ko ta maza. Idan ya mutu yana kan bencin, ba a shigo da gawarsa majami'a, Zumunta kuma ba ta yi masa waƙa. Fasto zai je gida ya yi gajeriyar addu'a, a rufe. Yawanci mutum yakan yi 'yan watanni ne, sai ya tashi gaban jama'a ya ambaci laifinsa da bakinsa, ya ce ya tuba, ikilisiya ta miƙe tsaye ta karɓe shi.

Wata Lahadi bayan sujada Baba Silvanus yana bin bencuna da ƙaramar gudumarsa yana neman inda gara ta ci. Ni ina shugabar Zumuntar Mata a lokacin, ina tattara kayan kiɗanmu. Ya iso bencin ƙarshe ya tarar da Fidelia zaune, domin masu horo su ne ƙarshen fita. Maman Henry muke kiranta. Mutumiyar ƙasar Ibo ce, mijinta ɗan nan ne da ya auro ta lokacin da yake bin jirgi zuwa kudu, ya kawo ta, ya sha giyarsa, ya mutu ya bar ta tana sayar da okpa, wato alalen gurjiya irin na Ibo, a tashar mota.

"Maman Henry, tashi in ji bencin nan."

Ta tashi da ƙyar, ƙafafunta a kumbure. Ya buga nan, ya buga can.

"Gara ta cinye ko'ina sai inda kike zama. Har katakon ya yi rami daidai ke. Tun yaushe kike nan?"

"Tun Henry yana baya na, Baba."

Henry a lokacin yana da furfura a gemu, yana sayar da kayan babur a Kasuwan Magani.

"Me kika yi?"

"Ni bai sani ba."

Ya juyo mata kunnen dama. "Sake faɗa."

"Na ce ni bai sani ba, Baba."

Ga yadda ta ba mu labari. Tana sabuwar zuwa, Hausarta ba ta wuce gaisuwa da cinikin tumatir ba. Wata Lahadi fasto na lokacin ya kira sunanta, ya yi dogon bayani da sauri, kowa ya juyo ya kalle ta, wani ya kama hannunta ya kai ta baya. Ta tambayi mijinta, ya ce shi bai je sujada ba, ta bar shi ya yi barci. Kunya ta hana ta tambayar wani. Da Hausarta ta nuna har za ta iya tambaya, an riga an yi wa faston canji, kuma tambayar ta tsufa. Ni da na dawo garin nan bayan na bar aikin koyarwa, a can na tarar da ita, kamar yadda na tarar da agogon bango da ba ya tafiya. Kowa ya ɗauka wani ya san dalili.

"Benci bai dame ni ba," in ji ta. "Iska yana nan. Amma likita ya ce zuciya na ya gaji. Ina so in ci Jibin Ubangiji ko sau ɗaya. Kuma ba na so a binne ni shiru kamar akuya."

Baba Silvanus ya ƙwanƙwasa bencin sau ɗaya, ya tafi.

A taron dattawa na gaba ya kawo maganar. Ni nakan zauna a taron a madadin mata, ina da baki amma ba ni da ƙuri'a. Fastonmu, Gershon, yaro ne da bai daɗe da fitowa daga makarantar tauhidi ba. Da ya ji sai ya ce a sake ta Lahadi mai zuwa kawai. Malam Alexander, magatakardan ikilisiya, tsohon hedimasta, ya cire tabarau.

"Fasto, da girmamawa. Ba a sakin mutum sai ya tuba. Ba a tuba sai an ambaci laifi. Me za ta ambata?"

"Ai ba ta sani ba, Malam."

"To idan muka sake ta haka, mun ce iyayenmu da suka ajiye ta sun yi kuskure ke nan. Kuma wata mai zuwa duk wanda ke bencin nan zai ce shi ma ya manta."

Ba mugun mutum ba ne Malam Alexander. Ya yarda cewa idan aka cire ƙusa ɗaya rufin majami'a zai faɗo, kuma ya ɗauki kansa a matsayin ƙusar. Dattawa suka goyi bayansa. Fasto ya yi maganar alheri har muryarsa ta dishe, suka ce alheri yana nan, ba wanda ya taɓa shi, amma ta ƙofar tuba yake shigowa.

"To laifin ne ya ɓace?" in ji Baba Silvanus.

"Haka ne."

"Zan nemo shi."

Ya bi tsofaffin ikilisiya gida gida. Wata ta ce burkutu ta dafa. Wani ya ce wando ta sa ta shigo sujada. Wata ta rantse cewa an gan ta da carbin 'yan Katolika. Wani tsoho ya ce faɗa ta yi a bakin famfo, da aka matsa masa sai ya tuna cewa matarsa ce ta yi wannan. A cikin yawon nan Baba Silvanus ya tono laifuffukan mutane da dama waɗanda ba wanda ya aike shi nema, har wasu gidaje suka fara rufe ƙofa idan sun ji ƙwanƙwasarsa. Nata dai bai samu ba.

Sai ya ji cewa faston da ya ajiye ta, Baba Azariya, yana nan da rai a Nok wurin 'yarsa. Ya ce sai na raka shi don a sami shaida. Muka hau mota har inda ta ga dama, muka ƙarasa a kan babur, ni da wannan gwiwar. Muka tarar da tsohon a gindin mangwaro an lulluɓe shi da bargo da tsakar rana.

"Baba Fasto, kun tuna Fidelia, matar marigayi ɗan jirgi?"

"Gajeriyar nan mai kyan murya? Na tuna. Tana lafiya?"

"Tana bencin baya."

"Me ta yi kuma?"

"Ba kuma ba ne, Baba. Wanda kuka ajiye ta ne."

Tsohon ya daɗe yana kallon kaji.

"Har yanzu?"

"Har yanzu."

"Shekarar nan na ajiye mutane da yawa," in ji shi. "Haƙori na yi mini ciwo. Da aka cire shi na sake yawancinsu." Ya gyara bargonsa. "Ku ce mata ta tashi."

"Malam Alexander ya ce sai da laifi."

"Alexander? Shi ma na taɓa ajiye shi. Nasa na tuna."

Ya faɗa mana. Ba zan rubuta ba, jikokinsa suna karatu.

Muka dawo da maganar Baba Azariya, dattawa suka ce fasto mai ritaya ba shi da iko a kan benci. Daga nan Baba Silvanus ya fara tunani da kansa, abin da matarsa Mildred ta daɗe tana roƙonsa ya daina. Ya je tasha ya sami Maman Henry a gaban tukunyar okpa, ni ina biye da shi don kada ya yi ɓarna.

"Maman Henry, na kawo miki laifuffuka. Akwai burkutu, akwai wando, akwai faɗan famfo. Ki zaɓi wanda ya yi miki. Ni a ganina wando ya fi sauƙi."

"Ni bai taɓa sa wando ba."

"Ba wanda zai auna ki."

"Baba, kana so in tsaya gaban Allah in yi ƙarya?"

Idanunsa suka yi haske. "Yauwa. Ki yi ƙaryar. Ki ce wando. Lahadi ta biye sai ki tashi ki ce kin yi ƙarya, kin tuba. Ga laifi, ga shaidu, ga tuba."

"Wannan zunubin ganganci ne. Ko ni da ke baya ina jin wa'azi."

"To ki ɗan zagi wani."

"Ba wanda ya yi mini komai."

"Ki zage ni."

"Kai dattijo ne. Ka ci okpa?"

Ya ci biyu, ya ƙwanƙwasa murfin tukunyar, muka tafi. A hanya ya ce mini wahalar matar nan ita ce shekarun da ta yi a bakin ƙofa sun sa ta fi duk na gaba tsoron Allah. Na ce masa ya bar maganar, Fasto ya ce zai kai ta gaban manya a gunduma. Ya ce manyan gunduma za su kafa kwamiti, kwamitin zai kafa ƙaramin kwamiti, ƙafafun Maman Henry kuma ba su san da wannan ba. A nan dai bai yi kuskure ba. Watan nan sau biyu ta kasa zuwa tasha.

Maman Henry tana da ɗan lambu a bayan ɗakinta, gwaza da ganyen ugu da 'yan barkono. Shi ne miyarta, shi ne abin alfaharinta. Ko Henry ba ya tsinkar ganye sai ya tambaya. Gidan Baba Silvanus yana can ƙarshen layin, akwai gidaje da kwata da shagon mai faci a tsakani. Wata Lahadi da sassafe Manaja ya fita daga ɗakinsa, ya wuce duk waɗannan bai tsaya ba, ya shiga lambun. Daga baya mai faci ya ce ya ga dattijo yana tafe a gaba yana zuba dusa kaɗan kaɗan a ƙasa, aladen yana biye.

Alade a cikin gwaza ba ya barin komai. Abin da bai ci ba ya tone, abin da bai tone ba ya kwanta a kai.

Mun taru a harabar majami'a ana gaishe gaishe kafin sujada. Baba Silvanus yana tsaye a tsakiyar fili cikin farar rigarsa ta dattawa, inda kowa zai gan shi, yana ta duban hanya. Sai ga Maman Henry. Matar da ke tafiya tana hutawa, ranar ba ta huta ba. Ɗankwalinta ya karkace, ƙafafunta duk laka, a hannunta akwai gwaza guda da aka tumɓuke, da ganyenta da saiwarta da ƙasarta.

Ba ta gaishe shi ba. Ta fara dukansa da gwazar a baya. Farar rigar ta koma taswira. Ta zage shi da Hausa, da Hausar ta ƙare ta koma Ibo, da ta ga ba ya fahimta ta dawo Turancin kasuwa. Ta ce shi da aladen ba a san wanda ke kiwon wani ba. Ta ce kansa kamar tukunyar da aka ƙwanƙwasa aka ji ba komai. Shi kuwa bai gudu ba, bai kare kansa ba, yana ta juyawa yana duban jama'a.

"Kun gani? Malam Alexander, ka matso, daga can ba za ka gani da kyau ba."

A juyawar nan ne saiwar gwazar ta same shi a kunnen dama, mai aikin. Ya zauna a ƙasa. Ta tsaya tana haki, ta dubi abin da ke hannunta, ta dubi mutane, ta ajiye gwazar a hankali, ta shiga majami'a ta zauna a wurinta.

Ruwan ɗanyar gwaza yana da ƙaiƙayi. Kafin a gama waƙar farko kunnen ya kumbura ya yi kamar ƙosai.

Aka kira taron gaggawa bayan sujada. Baba Silvanus ya shigo da tsumma a kai yana murmushi.

"To, ga laifi. Sabo ne, da ɗuminsa, kowa ya gani. Ku yi mata horo ta tuba a sake ta."

Malam Alexander ya ce wannan sabon horo ne, tsohon yana nan. Horo biyu, tuba biyu. Nan Fasto Gershon ya yi abin da ban zata ba daga yaron da har yanzu yake cewa "da izininku" kafin ya yi atishawa. Ya ce shi bai taɓa karanta inda ake yanka gafara kashi kashi kamar naman Kirsimeti ba. Idan ikilisiya ta miƙe ta ce ta karɓi mutum, mutumin ta karɓa gaba ɗayansa, da abin da aka tuna da abin da aka manta. Ya ce idan wani dattijo yana da wata koyarwa dabam, ya zo ya yi wa'azinta Lahadi da kansa. Ba wanda yake son yin wa'azi. Malam Alexander ya goge tabarau ya ce tunda dai za a ambaci laifi a yi tuba, tsari bai karye ba.

Sannan ya juya. "Saura aladen. Dattijo, yaya ya fita?"

"Ka ɗaga murya, wannan ma ya tafi hutu."

"Na ce yaya aladen ya fita?"

"Ni na buɗe masa."

"Da gangan?"

"Da dusa."

Dattijon ikilisiya ya lalata abincin gwauruwa da gangan, ya kuma sa 'yar'uwa ta yi zunubi. Ba a buƙaci dogon taro ba. Aka sauke shi daga kujerar dattijo, aka ce zai sake shuka lambun da hannunsa, zai kuma zauna a bencin baya har bayan Kirsimeti. Fasto ya tambaye shi ko ya san haka za ta faru.

"Na sani. Ni ai na san laifina. Zan iya faɗarsa ko a barci aka tashe ni."

Mildred ta yi mako ba ta yi masa magana ba. Ta ce duk garin nan mata suna kuka da mazansu kan giya da 'yan mata, ita nata alade ne ya kai shi baya.

Mun ɗauka an gama. Fasto ya kira Maman Henry ofis, ni ina wurin, ya ce mata Lahadi mai zuwa za ta iya tashi ta tuba.

"Ban tuba ba, Fasto."

"Mama?"

"Da zan same shi yanzu, zan ƙara masa. Ka ga gwazan nan? Sauran kaɗan in tone."

"Amma Mama, don ke ya yi."

"Ya tambaye ni? Shi yana da doya a Kagoma. Ni wannan ne gona na. Ba zan tsaya gaban Allah in ce na yi nadama, zuciya na yana cewa ƙara masa."

Haka suka zauna a benci ɗaya, ita a wannan ƙarshe, shi a wancan, Lahadi bayan Lahadi. Idan ya gaishe ta sai ta buɗe littafin waƙa. Da safe yakan je lambun da fartanya, ita tana zaune a kan kujera tana nuna masa da sanda inda kunya ta karkace. Mutumin da ya fito daga gidan manoma, ashe guduma kaɗai ya iya. Ƙafafunta kuma suna ƙara kumbura. Henry ya zo ya roƙe ta. Mu matan Zumunta muka je muka roƙe ta. Na gaya mata a fili cewa idan ta mutu a kan wannan taurin kan, ba ni da ikon fito da ko ganga ɗaya. Ta ce ta sani, amma ba za ta sayi waƙa da ƙarya ba.

Baba Silvanus ne ya fi kowa damuwa. Ya ce mini ya ba da kujerar dattijo, ya ba da riga, ya ba da kunne, Manaja ma an sayar da shi a kasuwar aladu bisa umarnin Mildred, kuma matar tana nan inda take.

"Kai ka ce a yi mata laifi na gaske," na ce masa. "Ga shi ka samu."

Kumburin kunnen ya sauka, amma jin bai dawo duka ba. Wata Lahadi aka sanar da waƙa, Baba Silvanus bai ji lambar da kyau ba. Ikilisiya tana rera ta godiya, shi ya buɗe wata dabam, ta jana'iza, yana rerawa da dukan ƙarfinsa, ido a rufe. Aka gama, aka zauna, shi yana tsaye yana baiti na gaba shi kaɗai. Matasa suna dariya cikin hannu. Maman Henry ta matso a kan bencin, ta ja rigarsa ya zauna, ta buɗe masa shafin da ake, ta sa yatsa a kai. Har aka tashi ba ta koma ƙarshenta ba.

Washegari ta zo ofishin fasto ta ce a kira ni.

"Na yi nadaman kunnen," in ji ta. "Mutum yana da guda ɗaya, na taɓa shi. Wannan ba daidai ba ne. Amma bayan, ban yi nadama ba. Zagin ma rabi gaskiya ne."

Fasto ya dubi Malam Alexander. Malam Alexander ya dubi rufi, ya daɗe.

"An ambaci laifi," in ji shi a ƙarshe. "An yi nadama. Tsari bai faɗi girman wurin da za a yi nadama a kai ba."

Lahadin Jibin Ubangiji ta tashi, ta taka har gaba tana dafa bencuna, ta juyo ta fuskanci jama'a. Ta ce ta bugi Baba Silvanus a kunne da gwaza, ta yi zunubi ga Allah da ikilisiya, ta tuba. Ba ta ƙara kalma ba. Fasto ya ce masu karɓarta su miƙe. Aka miƙe. Baba Silvanus ma ya miƙe daga baya, wani ya tuna masa cewa mai horo ba shi da ƙuri'a, ya yi kamar bai ji ba, wataƙila ma bai ji ɗin ba. Muka matsa mata a bencin Zumunta. Da dattawa suka zo da faranti, Malam Alexander ne ya miƙa mata. Ta ɗauki gutsuren gurasar da ɗan ƙoƙon, ta ci, ta sha, ta daɗe da kai a sunkuye. Farantin ya bi layi layi ya tsaya kafin bencin ƙarshe kamar yadda aka saba.

Ta ƙara shekara biyu a duniya. Da ta rasu mun shigo da ita majami'a, mun yi mata waƙa tun daga ƙofar gidanta har maƙabarta, har muryoyinmu suka mutu.

Amma a ranar Jibin nan, da aka tashi, ta fito cikin na farko, shi kuma yana zaune yana jiran kowa ya wuce. Ta tsaya a gabansa, ta sunkuyo wajen kunnen dama.

"Baba, abin nan da suka ba ni ko sukari babu."

"Tun Henry yana goye kike jira, abin da za ki ce ke nan?"

"Gobe ka zo da wuri. Kunyan da ke jikin katanga ya sake karkacewa."

"Na gyara shi jiya."

"Shi ya sa."

Da gari ya waye yana can da fartanyarsa.